Ranar da Barakisa Ta Koya Mini Keke

Ranar Alhamis, bayan mun gama horo mun tattara katifu, Barakisa ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a kafaɗa, ta ce, "Tanti, zan bi ku Banfora saboda kakata tana can. Amma daga Litinin ba zan ƙara zuwa ba."

Na ce to. Abin da ya fito daga bakina ke nan, to, kamar wadda aka gaya wa an ɗauke ruwan famfo. Sai da ta fita na zauna a kan tarin katifun, na daɗe ban tashi ba.

Shekara goma sha takwas ke nan ina koya wa yara mata wasan alkafura a Bobo-Julaso, kuma ban taɓa samun irin Barakisa Sirima ba. Tana 'yar shekara bakwai uwarta ta kawo mini ita, ta ce ta gaji da sauko da ita daga kan katangar maƙwabta. Yanzu shekararta goma sha biyar. In ta tashi sama, har masu shara sukan tsaya da tsintsiya a hannu suna kallo. Ni ce kuma na ɓata ta.

Ga yadda muke koyar da alkafurar baya. Haka tsohon da ya horar da ni a Abijan ya yi mini, shi ma haka aka yi masa. Da farko hannu biyu ake sa wa yarinya, ɗaya a gadon baya, ɗaya a ƙarƙashin cinya, kusan mai koyarwar ce take juya ta. In an kwana biyu sai a koma hannu ɗaya, sannan yatsa biyu, sannan a ɗan kama bakin rigarta kawai. Ranar ƙarshe ba a taɓa ta ko kaɗan, amma baki ba ya daina cewa, "Ina riƙe da ke, tafi." In ta dira sai a nuna mata hannuwa biyu goye a baya. Ta yi ihu, ta yi tsalle, ta rungume ki, tsoro ya tafi ke nan. Yara sun fi ɗari da na yi wa haka, ba wadda ta taɓa ko gurɗewa.

A watan Afrilu Barakisa tana koyon yin ta a kan katako, wannan dogon mai tsayin ƙirji wanda faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Na ga ta nuna, ta isa a sake ta, na janye hannuna, na ce ina riƙe da ita. Gilashin tagar da ke gabanta ne ya tona ni. Ƙafarta tana barin katako idonta ya faɗa kan gilashin, ta gan ni tsaye da hannuwana a gefe. Ta warware a sama, ta sauko da kafaɗar dama.

Ƙashi ya haɗe cikin wata uku. Amma tun daga nan ko a ƙasa, a kan katifa mai laushi, ba ta iya komawa baya. Za ta tsaya, ta ɗaga hannuwa, ta lanƙwasa gwiwa, sai ta ƙame. Alkafurar da take yi tun tana 'yar shekara tara. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ni kuma ban taɓa ba ta haƙuri ba. Na je asibiti da lemo da ayaba, na ce mata haka ake yi wa kowa, da ba ta kalli taga ba da ta dira lafiya. Ni Orokiya Millogo, wadda yaran suke kira Tanti, bakina ya fi hankalina sauri, wannan kowa ya sani a unguwarmu.

Ranar Asabar da hantsi muka kama hanya. Wata makarantar 'yan mata a Banfora ce ta gayyace mu mu nuna wasa ranar Lahadi, ni kuma na yi wa yaran alkawarin kai su ruwan Karfigela mai zubowa daga kan dutse tun jajibiri. Yara bakwai, katifu ɗaure a saman ƙaramar bas, sai direbanmu Hamadun Diko, dogon Bafillace mai shan shayi kamar an aiko shi ya ƙarar da shi. Mu ƙabilar Bobo da Fulani abokan wasa ne tun kakanni.

"Ke Bobo," ya ce da ni tun ban rufe ƙofa ba, "kin karya kumallo, ko da burkutu kika buɗe baki kamar kakanninki?"

"Ja mota, ɓarawon shanu. Wa ma ya ba Bafillace sitiyari? Ka sani dai wannan ba a tatsarta."

"Ku ji baiwata tana mayar wa uban gidanta magana. Duniya ta lalace."

Yaran suka kwashe da dariya. Na leƙa madubi, Barakisa tana can kujerar ƙarshe, goshinta a jikin taga.

Bayan mun wuce Tusiyana, inda hanya take fara gangarawa daga kan dutse, Hamadun ya tsaya ba tare da an roƙe shi ba. Daga nan ana hango gonakin rake kore shar har inda ido ya gaji, giginyu tsaye jefi-jefi, hayaƙin wani ƙauye yana tashi a miƙe don babu iska. Yarana kuwa ba su iya ganin wuri mai kyau da ƙafa a ƙasa ba. Kafin in ce kada wadda ta matsa baki, shida sun kife a kan wani falalen dutse, ƙafafu sama, suna ihu a ɗauke su hoto. Pelaji, wadda ta fi kowa surutu, har waƙa take yi kai a ƙasa.

Barakisa ce ta riƙe musu takalma da wayoyi. Na matsa kusa da ita na ce, "Ba za ki shiga hoton ba?"

"Ai sai da mai ɗauka, Tanti."

Ta faɗa da ladabi, ladabin da ake yi wa baƙo. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

A Banfora muka ci aceke, wato dambun rogo, da soyayyen kifi a bakin tasha, muka sha zoɓo mai sanyi, sannan muka ɗauki jar hanyar da ta ratsa gonakin rake. Ashe ruwan da aka tafka ranar Juma'a ya cinye wani kwalbati. An shimfiɗa katakai uku a kan ramin, masu babur da masu keke suna wucewa abinsu, amma mota ko ta tashi sama. Saura kilomita biyar. A gindin wani maɗaci wani mutum ya jera kekunan haya, ya harɗe ƙafa yana kallon mu, ya san ba mu da inda za mu.

Yaran suka ɗauki shewa.

A ƙasar nan yaro yana hawa keke kafin ya iya ɗaura wando. Amma ni a Abijan aka haife ni, a unguwar Ajame, inda babu uban da ke cikin hankalinsa da zai saki 'yarsa a kan keke tsakanin motocin nan. Na dawo gida ina da shekara ashirin da uku, mace mai koya wa 'ya'yan mutane juyi a sama, da wane baki zan ce a koya mini abin da 'yan yaye suke yi? Sai na riƙa tafiya aiki a ƙasa ina cewa motsa jiki nake. Shekara goma sha takwas ina wannan motsa jikin.

"Ku je," na ce, "ni zan tsare mota."

Hamadun ya ce, "Motata ba ta neman mai gadi. In ma tana nema, ba Bobo zan ba ta ba."

"Gwiwata ce take ɗan damuna."

"Kai Tanti," in ji Pelaji, "ɗazu a tasha fa kika tsage ƙafa har ƙasa kina nuna wa mai kifi."

Duk suka zuba mini ido. Na duba hagu, na duba dama, babu mafita. Na ce, "Ban iya ba."

"Ba ki iya me ba?"

"Keken. Ban iya hawa ba. To, kun ji."

Sai Hamadun ya dafa mota, ya sunkuya, kafaɗunsa suka fara rawa. Da dariyar ta ƙwace masa sai da mai kekunan ya miƙe ya ga ko lafiya.

"Wayyo cikina! Ke Orokiya! A ƙasar nan kaji ma a kan keke suke zuwa kasuwa!"

"Tonton, ka bari mana," in ji Pelaji, ita ma hawayen dariya na zubo mata.

Kekunan ba su da wurin goyo. Na ce su wuce tare da Hamadun, kada wadda ta sa ko yatsa a ruwa kafin in iso, ni zan taka a ƙasa tunda na saba. A nan ne Barakisa ta yi magana daga bayanmu.

"Ku tafi. Zan koya mata."

Tun Afrilu wannan ce maganar farko da ta fara da kanta ba tambayarta aka yi ba. Ta zaɓi wani ɗan guntun keke shuɗi, ta sa mutumin ya sauke sirdin, ta ce guda ɗaya ya ishe mu tunda hannunta biyu ne kawai. Sauran suka haye katakan suka ɓace cikin rake, muryar Hamadun tana dawowa yana cewa in an ga gawar Bobo a hanya a sanar da shi.

Muka tura keken muka ƙetare. Hanya ta miƙe, ruwa kwance a ramuka, rake ya fi mu tsayi dama da hagu. Na hau. Barakisa ta kama bayan sirdin.

Ba zan ɓoye ba, na san abin da ke zuwa. Na ga yadda iyaye maza suke yi a layinmu: su riƙe, su yi gudu, su saki, suna ta cewa suna riƙe. Na ce a raina yau yarinyar nan za ta rama, kuma babu alƙalin da zai ce ta yi laifi.

"Ƙafa a kan feda. Ido gaba," ta ce. Da muryata ta faɗa, irin wadda nake yi musu a ɗakin horo.

Na taka. Kan keken ya yi hagu, na fizgo shi, ya yi dama.

"Kina riƙe?"

"Ina riƙe."

Taku uku. "Barakisa, kina riƙe?"

"Ina riƙe, Tanti."

Na waiwaya in gani, keken ya bi idona, sai ga ni a ƙasa. Hannunta yana kan sirdi har lokacin, don tare muka tafi da ita. Muka tashi muka kakkaɓe. Wata tsohuwa ta zo wucewa a kan nata keken, da damin itace a baya ya fi ta girma, ta dube ni ta ce, "Sannu 'yar yarinya, a hankali za ki iya." Ba ta ko rage gudu ba.

Karo na biyu na yi wayo, ban waiwaya ba. Rana ta ɗan karkata, inuwarmu tana gefen dama, sai na riƙa satar kallonta in ga ko hannun yana nan. Yana nan. Na sake dubawa. Yana nan. Ina cikin dubawa tayar gaba ta faɗa rami, na sake sumbatar ƙasa, wannan karon da gwiwar hannu.

Barakisa ta ɗaga keken, ta tsaya a kaina tana haki.

"Tanti, me kike nema a ƙasa?"

"Ina dai duba ko..."

"Ko na saki."

Kunya ta rufe ni, don na tuna wadda na ce wa laifinta ne da ta kalli taga.

"In zan saki zan gaya miki," ta ce.

"In kin gaya mini ai tsoro zai kama ni."

"Ya kama ki mana. Yanzu da ban gaya miki ba, bai kama ki ba?"

Ni da ba a taɓa rufe mini baki a taron iyayen yara ba, sai kawai na miƙe na sake hawa.

Daga nan na daina tambaya. Tana gudu a bayana, ina jin takunta da numfashinta, lokaci lokaci tana canza hannu, na kuma san kafaɗar dama ce take gajiya. Mun yi abin da ya kai kilomita ɗaya a haka. Kan keken ya rage gardama. Ƙafafuna suka fara zagayawa ba sai na ba su umarni ba.

"Kin ga giginyar can mai karkata?" ta ce. "In mun kai ta zan saki."

"A'a! Ba yanzu ba."

"To. Ta gaba."

Muka wuce mai karkatar, hannunta na nan. Abin ya tsaya mini a rai. Na ce a'a, an kuma ji. A shekara goma sha takwas ban taɓa tambayar yarinya ɗaya ko ta shirya ba, ni nake dubawa in yanke.

"Ga ta gaban ta zo."

"Ƙara ɗaya."

"To."

Giginya uku muka wuce ina roƙon ƙari, yarinyar nan tana bin bayana da gudu a cikin rana, ba ta ce ta gaji ba. Da muka doshi ta huɗu, na ji kaina ina cewa, "Saki."

"Na saki!"

Tsoron da na ji bai da misali. Ya kama ni tun daga wuya har tafin ƙafa, amma ƙafafun ba su daina takawa ba. Takunta ya yi nisa a bayana. Iska ta shiga rigata. Ni kaɗai ce a kan ƙarfen nan, ina tafiya, ina kurma ihun da ya tashi tsuntsaye daga cikin rake. Ban san ko na murna ne ko na neman ceto ba, ina jin duka biyun ne.

Sai hanya ta fara gangara.

"Birki! Tanti, birki!"

"Ina yake?"

Wannan darasin ba mu kai gare shi ba. Keken ya ɗauke ni, ya bar hanya, ya ratsa ciyawa, ya ajiye ni a cikin lambatun ban-ruwa na bakin gona. Ruwan bai kai gwiwa ba, sauran duk taɓo ne. Barakisa ta iso a guje, idanunta waje, tana tambaya ko na karye. Na motsa hannu, na motsa ƙafa, na tofar da abin da ya shiga bakina, na ce da sauran raina. Ta dube ni zaune cikin taɓo da ganyen rake a ka. Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani ta yi ƙoƙari, amma dariyar ta fi ƙarfinta. Ta durƙusa a bakin lambatun tana yi har da tari.

Wata biyar ban ji wannan dariyar ba. Ban tashi daga cikin taɓon ba, don na san in na tashi girman kaina zai tashi tare da ni.

"Barakisa."

Ta share ido.

"Ƙarya na yi miki ranar nan. Ba taga ce ta kayar da ke ba, ni ce. Abin da na faɗa miki a asibiti ma bai kamata ba. Ki yafe mini."

Dariyar ta ɗauke. Ta jawo keken, ta zauna tana zare ciyawa daga cikin tayar, ɗaya bayan ɗaya.

"Kafaɗar ba ta cika ciwo ba yanzu," ta ce. "Tun ina ƙarama, Tanti, in kika ce tafi, tafiya nake, ko tunani ba na yi. Yanzu in na tsaya zan tashi sai in ji muryarki, sai in ce, wannan ta gaskiya ce ko irin waccan? Kafin in gama lissafi ƙafata ta mutu."

"Na ji."

"Ko ba kya wurin ma ina jin ta. Na gwada a gida."

Na jira ta ce ta yafe. Ba ta ce ba. Ta miƙe ta miƙo mini hannu ta ce, "Tashi, ana jiran mu. Ga birki nan, wannan na baya ne, shi za ki fara matsawa."

Sauran hanyar ni a kan keke ina tangaɗi, ita tana sassarfa a gefe, in an zo gangara mu sauka mu tura. Na riƙa cewa a raina, ko da ba ta dawo ba, na dai faɗa. Amma ƙarya nake yi wa kaina, so nake ta dawo.

Tun daga cikin manyan itatuwan mangwaron da suka yi wa hanya rumfa muka fara jin rugugin ruwa. Yaran suna zaune a jere a kan wani dutse, ba wadda ta jiƙa ƙafa. Da suka hango ni a kan keke suka miƙe suna tafi da guɗa. Hamadun ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Madalla. Na ga kin biya ta gidan danginku na cikin taɓo kun gaisa."

"Bari in sauka, Bafillace."

"Kin iya saukar?"

Ban iya ba. Pelaji ce ta tare ni.

Ruwan ya cika saboda damina, yana zubowa daga bene zuwa bene fari fat, feshinsa yana kai wa har inda muke. Na nuna musu kwarmin da ba shi da zurfi, na ce nan kaɗai, suka faɗa da rigunansu. Ni na koma gefe, inda kogin ya tara yashi a gindin wani mangwaro, na zauna ina wanke ƙujewar gwiwar hannuna. Jikina ko'ina ciwo. Litinin kuma tana nan inda take.

Ban ga zuwan Barakisa ba, sai ƙafafunta na gani. Tana zagaya yashin tana danna shi da diddige, tana tsince tsakuwa tana jefarwa. Na san wannan aikin, ni na koya musu: ba a tashi a ƙasar da ba a taka ba. Na daina wanke hannun. Ta cire takalmanta ta ajiye su a kan saiwa.

"Tanti, zo ki tsaya."

Na miƙe. Na goge tafukana a jikin zanen da na ɗaura, na tsaya a gefenta na hagu. Bakina ya buɗe zai faɗi abin da ya saba, na rufe shi. Na ce, "Hannu nawa?"

"Biyu. Sosai. In ji su."

Na sa ɗaya a gadon bayanta, ɗaya a ƙarƙashin cinya, na danna har sai da ta ɗan matsa gaba. Bayanta yana rawa a tafina. Ta ɗaga hannuwa, ta lanƙwasa gwiwa, ta ƙame. Ta sauke numfashi. Ta sake, ta sake ƙamewa. Ban motsa ba. Can cikin ruwa surutu ya mutu. Na hango Pelaji ta buɗe baki, Hamadun ya ɗaga mata yatsa.

A na uku ta tafi.

Ban taɓa ganin mummunar alkafura irin wannan ba. Gwiwoyi a warwatse, kai a karkace, nauyinta gaba ɗaya a hannuna, ƙuguna ya yi wata ƙara da na ji har cikin haƙori. Ta sauka a kan diddige ta zauna daɓas. Da a gasa ne da alƙalai sun rufe ido. Ni kuwa ji na yi kamar an ɗauke mini buhun masara daga ka.

"Kuma," ta ce.

Ta biyu ta fi ta farko. Ta uku ta dira da ƙafa biyu. A ta huɗu gwiwoyin suka haɗe. Da muka zo ta biyar sai na ji abin da na sani sarai: ta yi sauƙi. Ta tashi da kanta, ta juya da kanta, hannuwana bin ta kawai suka yi. Ta nuna. Duk mai wannan sana'a ya san lokacin nan, kuma jikina ya riga ni saninsa. Da ta tsaya za ta yi ta shida, na ji yatsuna sun fara sassautawa da kansu, tafina yana ja da baya kaɗan kaɗan, har iska ta fara shiga tsakaninsa da rigarta. Ba za ta sani ba. Nan babu gilashi. Za ta dira lafiya, na tabbata, in nuna mata hannuwa, gobe ta yi a gaban makaranta guda.

Na mayar da hannun na danna, har yatsuna suka nutse a bayanta.

Ta tashi, ta juya, ta dira cak, ƙafafu a haɗe, hannuwa sama, yashi ko motsi bai yi ba. Ihun da yaran suka yi ya danne rugugin ruwan.

Barakisa ba ta dube su ba, ni ta duba.

"Kin ji na yi sauƙi, ko?"

"Na ji."

"Amma ba ki cire ba."

"Ba ki ce ba."

Ta je ta ɗauko takalmanta, ta buga su a jikin saiwa, ta riƙe a hannu.

"Gobe ba zan yi a gaban mutane ba."

"Ba sai kin yi ba."

"Litinin ki cire ɗaya. Amma ki gaya mini wanne."

"Litinin," na ce, don in tabbata kunnena bai yi mini ƙari ba.

"Ƙarfe huɗu dai, ko an canza?"

"Ba a canza ba."

Ta ruga wajen sauran, suka ja ta cikin ruwa da kayanta. Ni kuwa na zauna a kan yashin da ta tattake, na juya wa kogin baya don kada yaran su gani, na yi kukan da nake haɗiyewa tun Afrilu. Da na gama na numfasa, numfashin ya kai har ƙasan cikina.